Darasin Magatakarda: Yadda Ake Naɗe Dogon Jeri Ya Shiga Warƙa Kaɗan

Darasinmu na wannan fitowa ya shafi wata ƴar matsala wadda duk mai riƙe da kwamfutar buro ya san ta. Kana da jeri dogo siriri a cikin Excel, lamba da suna da kuɗi kawai, ka tura shi na'urar bugawa, sai ta yi ta aman takarda. Kowace warƙa rubutu a gefen hagu, sauran fili fari fat.

Abin da ya sa muka ɗauko maganar

A babban taron bara mun liƙa jerin waɗanda suka biya kuɗin shekara a bangon buro, nan bakin kara. Sunaye 600, warƙa 13. Kafin azahar iska ta ɓamɓare warƙa ta tara, akuya ta gama da ita, mu ba mu sani ba. Wani dattijo dillali ya sa yaronsa ya karanta masa jerin daga farko har ƙarshe, bai ji sunansa ba. Ya tsaya gaban jama'a ya ce wa ma'aji: "Malam, kuɗina na ba ka hannu da hannu tun kaka. Ina kunka kai su?" Sai da muka tashi inji muka kunna kwamfuta muka nuna masa sunansa kafin hankalinsa ya kwanta. Amma maganar ta riga ta zaga kara, kuma ma'ajin nan mutum ne da bai taɓa cin dalar kowa ba. Da jerin warƙa huɗu ne, da mun lura tun da wuri cewa guda ta ɓace.

Ga kuma batun kuɗi. A ce ana buga warƙa guda dala 10, kuma za a raba kofi 20 ga rassa. Warƙa 13 sau 20 ya kama 260, wato jika 13. In aka naɗe jerin ya koma shafi 4, warƙa 80 ke nan, jika 4. Sauran jika 9 sun zauna a asusu.

Kalmomin da za mu yi aiki da su

Layi shi ne na kwance, mai lamba 1, 2, 3 a gefen hagu. Ginshiƙi shi ne na tsaye, mai harafi A, B, C a sama. Gurbi shi ne inda layi da ginshiƙi suka haɗu, kamar B2. Falle shi ne allon aiki guda a cikin fayil, wanda sunansa ke can ƙasa. Formil kuwa umarnin lissafi ne, kullum da alamar = yake farawa. Da yake yawancin kwamfutocinmu da Faransanci suke, sunayen maɓallai na Faransanci za mu riƙa faɗi. Masu na Ingilishi su duba ƙarshen darasi.

Me ya sa Excel yake haka?

Takardar da muke saya ita ce A4, faɗinta santimita 21, tsawonta 29,7. In ba a taɓa komai ba, layi 48 zuwa 50 ke shiga shafi guda. To Excel ba ya da dabarar juyo da jeri sama idan ya kai ƙasan takarda, yadda jarida ke yi. Inda gurbi yake, nan yake bugawa. Idan shafi ya cika, sai ya ɗauko sabo, ko da kashi biyu cikin uku na faɗin takardar ba komai. Ku ɗauka dangwali ne guda mai tsawon gaske a cikin ɗan fili. Ba za a ƙara wa filin tsawo ba, sai dai a kafa dangwali uku gajeru kusa da juna. Aikin da za mu koya ke nan.

Hanyoyi uku da ba mu so

Ta farko ita ce a ce wa Excel ya matse komai a shafi guda. Zai yi ƙoƙari, amma ta hanyar ƙanƙanta rubutu. Layi 600 a shafi guda, rubutun sai ya koma kamar ƙwayar gero, ko mai tabarau ba ya karanta shi.

Ta biyu ita ce a sa na'ura ta buga shafi biyu ko huɗu a warƙa guda. Wannan ta fi ta farko, amma tana ƙanƙanta rubutu da farin fili gaba ɗaya. Shafi biyu a warƙa, rubutu ya ragu zuwa kashi 71 cikin ɗari. Shafi huɗu, ya koma rabi. Kuma har yanzu yawancin takardar fari ne.

Ta uku ita ce wadda aka fi yi, kuma ita ta fi haɗari: a yanko sunaye hamsin hamsin da hannu a liƙa su a gefe, a cikin fallen da jerin yake. Da zarar an yi haka, jeri ya lalace. Ba a iya jera shi bisa haruffa, ba a iya saka sabon mutum a tsakiya, kuma in hannu ya goce da layi guda, sai kuɗin wani ya koma gaban sunan wani. Babu abin da ke kawo rigima a ƙungiya kamar wannan.

Saboda haka ga ƙa'idar da za mu riƙe: jeri na asali guda ne, ba a yanka shi, ba a naɗe shi. Abin da za a buga, a wani wuri dabam ake shirya shi.

Shirin farko

Mu ɗauki misalinmu. Fallen jeri mu sa masa suna Jeri. Layi na 1 kanun magana ne: Lamba, Suna, Kuɗi. Sunaye daga layi na 2 zuwa na 601. Kada a bar layi wofi a tsakiya. Kada a rubuta jimlar kuɗi a ƙasan ginshiƙin C, a sa ta a gefe, a ce gurbin E1. In za a jera sunaye bisa haruffa ko bisa kasuwa, na Dakoro dabam, na Tasawa dabam, na Gidan Runji dabam, to yanzu ne lokacin yi. Sannan a ajiye kofin fayil ɗin kafin a taɓa komai.

Hanya ta ɗaya: a kai jerin Word

Wannan ita ce mafi sauƙi, kuma ta ishi wanda zai buga sau guda.

1. A buɗe sabuwar takarda a Word. A shiga Mise en page, a taɓa Colonnes, a zaɓi Trois. Yanzu shafin ya rabu gida uku kamar na jarida.
2. A koma Excel, a zaɓi daga A1 zuwa C601, a danna Ctrl da C.
3. A dawo Word a danna Ctrl da V. Jerin zai sauko gidan farko, in ya kai ƙasa ya hau na biyu, sannan na uku, sannan sabon shafi.
4. In teburin ya fi gidan faɗi, har yana hawa kan na kusa da shi, a taɓa cikinsa, a nemi Ajustement automatique, a zaɓi na biyu mai maganar fenêtre.
5. A taɓa layin kanun magana, a danna Répéter les lignes d'en-tête, don Lamba, Suna, Kuɗi su riƙa fitowa a sama kowane lokaci.

Aibinta guda ne. Abin da ke Word hoto ne na jerin a ranar da aka kwafa. In gobe mutum uku suka biya aka gyara a Excel, Word bai sani ba. Sai an share an sake kwafowa. Kuma kada a kuskura a riƙa gyara a Word ana barin Excel, don kafin wata biyu za a wayi gari da jeri biyu masu saɓa wa juna, ba a san na gaskiya ba.

Hanya ta biyu: fallen bugawa a cikin Excel

Wannan ita ce muke ba rassa shawara su koya. Sau guda ake wahalarta, bayan nan kullum sai dai a buga. Kuma tana aiki a tsohon Excel da sabo, har da LibreOffice wanda ake samu kyauta.

A buɗe sabon falle a sa masa suna Bugu. Za mu kafa rukuni uku. Na farko A, B, C. Na biyu E, F, G. Na uku I, J, K. Ginshiƙan D da H mu bar su wofi, a matse su sirara, su ne rata tsakanin rukuni da rukuni. A layi na 1 a rubuta Lamba, Suna, Kuɗi sau uku.

Kowane rukuni zai ɗauki suna 50, ke nan shafi guda 150, shafi huɗu 600. Dabarar ita ce mu fara jera lambobi, sannan mu ce wa Excel ya je ya ɗauko sunan da ke daidai da kowace lamba.

1. A gurbin A2 a rubuta 1.
2. A gurbin A3 a rubuta =A2+1 sannan a kama ɗan ɗigon da ke kusurwar gurbin ta ƙasa a dama, a ja shi har A51. Za a ga 1 zuwa 50.
3. A gurbin A52 a rubuta =A2+150 a ja har A201. Za a ga 151 a A52, 301 a A102, 451 a A152. Dalili, shafi na farko ya riga ya cinye 150, don haka na biyu daga 151 yake tashi.
4. A gurbin E2 a rubuta =A2+50 a ja har E201.
5. A gurbin I2 a rubuta =A2+100 a ja har I201.

Lambobi sun kammala. Yanzu sunaye. A gurbin B2 a rubuta:

=INDEX(Jeri!$B:$B;A2+1)&""

Ma'anarsa: je ka fallen Jeri, ginshiƙin B, ka ɗauko abin da ke layin da A2 ta nuna. Mun ƙara 1 saboda kanun magana sun cinye layin farko, mutum na 1 yana layi na 2. Alamar $ tana ɗaure ginshiƙin don kada ya goce idan muka kwafa. Ƴar wutsiyar nan ta ƙarshe kuwa, wato &"", ita ke hana sifiri fitowa a inda babu suna.

A gurbin C2 a rubuta:

=SI(B2="";"";INDEX(Jeri!$C:$C;A2+1))

Wato in babu suna, bar gurbin wofi, in akwai, ɗauko kuɗinsa. Wanda sunansa ke jeri amma bai biya ba, sifiri zai fito gabansa, kuma haka muke so.

Sai a zaɓi B2 da C2 tare a ja su har layi na 201. A kwafe B2 zuwa C201, a liƙa a F2, a sake liƙawa a J2. Nan take sunaye 600 za su bayyana a rukuni uku. Daga yau duk gyaran da aka yi a Jeri, da kansa zai fito a Bugu. In mutane suka ƙaru suka wuce 600, a zaɓi layin ƙarshe a ja shi ƙasa da layi 50, an sami shafi na biyar. Amma kada a taɓa rubuta suna ko kuɗi da hannu a fallen Bugu, don yin haka yana goge formil.

A lura da abu guda. Lambar da muka jera lambar matsayi ce a jeri. In ƙungiyarku tana da lambar kati, kuma kun jera sunaye bisa haruffa, lambobin biyu ba za su zo daidai ba. A wannan hali sai a ƙara ginshiƙi guda a kowane rukuni, a ɗauko lambar katin da INDEX kamar yadda aka ɗauko suna.

Daidaita shafi

Saura a gaya wa Excel inda kowane shafi zai tsaya.

Da farko a tabbata takardar A4 aka zaɓa a Mise en page, wajen Taille. Kwamfutoci da yawa, musamman waɗanda aka saita da Ingilishin Amurka, suna zuwa da wata takarda mai suna Letter, wadda tsawonta 27,9 ne, ta gaza A4 da kusan santimita biyu. In aka bar ta, layuka biyu ko uku na ƙarshe sai su tsallaka wani shafi su kaɗai, shafi huɗu ya koma takwas.

A sa girman rubutu 10. A zaɓi layukan duka, a danna linzami ta dama, a shiga Hauteur de ligne a rubuta 14. Da haka layi 51, wato suna 50 da kanu, suna shiga A4 har da ɗan saura. A Marges a zaɓi Étroites don a sami faɗi. Sannan a buɗa ginshiƙan suna gwargwadon suna mafi tsawo, don in gurbi ya yi kaɗan, ƙarshen suna yana ɓuya, kuma mun san sunaye nawa ne a cikinmu suke kama da juna sai a ƙarshe. In gurbin kuɗi ya nuna ####, ba lalacewa ya yi ba, faɗi yake nema.

A taɓa A52, a shiga Sauts de page, a saka yankan shafi. A maimaita a A102 da A152. A shiga Imprimer les titres, wajen layukan da za a maimaita a sama a rubuta $1:$1. A zaɓi A1 zuwa K201 a mai da shi Zone d'impression. Daga ƙarshe a sa lambar shafi a ƙasa, irin mai cewa shafi 1 cikin 4, da ranar da aka buga. Da mun yi wannan bara, da mun gane warƙa ta ɓace tun kafin dattijon nan ya buɗe baki.

Hanya ta uku: ga masu sabon Excel

A shekarar 2022 kamfanin Microsoft ya ƙara wani formil mai yin wannan naɗi da kansa, sunansa ORGA.COLS. Yana cikin Microsoft 365 da Excel 2024. Ya fi dacewa da jeri mai ginshiƙi guda, kamar lambobin kunnen shanu ko lambobin rasit. A ce akwai lamba 300 daga A2 zuwa A301. A sabon falle a rubuta:

=ORGA.COLS(Jeri!A2:A301;50;"")

Zai zuba su ginshiƙi shida, kowane 50, duk a shafi guda. Amma ginshiƙi ɗaya kawai yake karɓa, kuma in aka buɗe fayil ɗin a Excel 2010 ko 2016 ba zai gane shi ba. Tun da yawancin rassanmu tsofaffin kwamfutoci gare su, hanya ta biyu ta fi zama lafiya.

Ƙirga kafin bugawa

Ba wanda ke loda shanu a mota bai ƙirga ba, kuma in an sauke a Jibiya ko Maigatari sai an sake ƙirgawa. Haka jeri. A fallen Bugu, can gefe a M1, wajen da ba ya shiga bugu, a rubuta:

=SOMME(C:C;G:G;K:K)-SOMME(Jeri!C:C)

In ya ba da sifiri, kuɗin da ke Bugu daidai suke da na Jeri. In ya ba da wani abu dabam, akwai wanda ya faɗi a hanya, kada a buga sai an gano shi. Sannan a danna Ctrl da P a duba da ido: shafi na farko ya ƙare a 150? Na biyu ya fara a 151? Sunan ƙarshe a Jeri shi ne na ƙarshe a Bugu? A zaɓi mutum uku ko huɗu a gwada kuɗinsu da na kayen ma'aji. Rigakafi ya fi magani.

In a gari za a buga, a ajiye fallen a matsayin PDF kafin a kai. Kowace kwamfuta da na'urarta, kuma fayil ɗin Excel yakan sauya yankan shafi in ya shiga wata. PDF yadda aka ajiye shi haka yake fitowa. Bayan haka, wanda ya karɓi PDF shafukan bugu kawai ya gani, sauran asirin ƙungiya yana gida.

Jerin da za a liƙa a bango kuwa, a tuna da dattawa. Gara rukuni biyu da rubutu mai girman 12 da rukuni uku da ba a gani. Lambar waya da bashin mutum ba na bango ba ne, su tsaya a buro.

Ga masu kwamfuta mai Ingilishi

Waɗanda suka sayo tasu daga Kano ko Katsina, aikin duk ɗaya ne, sunaye ne suka bambanta. INDEX bai sauya ba. SI shi ne IF, SOMME shi ne SUM, ORGA.COLS shi ne WRAPCOLS. Mise en page a Excel shi ne Page Layout, a cikinsa za a ga Size, Margins, Breaks, Print Titles da Print Area. A Word a nemi Layout sannan Columns. Babban abin kula: inda muka sa alamar ; a cikin formil, su waƙafi za su sa. In Excel ya ƙi karɓar formil, wannan za a fara dubawa.

Aikin gwaji

1. Reshenku yana da mutum 430. In aka bi hanya ta biyu, shafi nawa za a samu, kuma suna nawa ne a shafin ƙarshe?
2. Kuna son rukuni biyu maimakon uku, kowane 40. Me za a rubuta a madadin 150, kuma a wane gurbi?
3. Gurbin M1 ya nuna an rasa jika 5. Faɗi wurare biyu da za ku fara dubawa.

Kowane magatakarda ya gwada da jerin reshensa, ya zo da abin da ya buga ranar taron wata, mu duba tare. Wanda ya maƙale a wani mataki ya rubuta lambar matakin da abin da kwamfuta ta nuna masa, kada ya ce kawai "ta ƙi". Amsoshin tambayoyi suna fitowa ta gaba. Allah ya ba da kasuwa.